Ranar da Duniya Ta Tsaya a Ƙasar Kaka

Kwanakin baya na fita sayen burodin tamis a nan Waziriyya, unguwar da nake zaune yanzu a Jidda. Ina dawowa da ledata a hannu sai na ji wata busa tana fitowa daga shagon mai gyaran kayan wuta da ke bakin layinmu. Ashe tsohuwar na'urar bidiyo aka kawo masa, ya tarar da kaset maƙale a ciki, ya kunna don ya gwada. Ƙaho ne ake busawa, ganguna su amsa, ƙahon ya sake hayewa sama. Na tsaya a cikin rana, ni da furfurata, kamar wadda aka aika ta manta saƙo, har mai shagon ya leƙo yana tambaya ko gyara na kawo. Na ce masa a'a, ya dai yi haƙuri ya bar busar ta kai ƙarshe.

In kai ɗan yau ne ba ka san wannan busar ba, kuma ban ga laifinka ba. Ita ce take buɗe wani shirin wasanni da ake sakawa a talabijin duk Alhamis bayan La'asar, lokacin muna yara a unguwar Hindawiyya. A wancan zamanin Alhamis da Juma'a ne ranakun hutu, tasha kuma ɗaya ce tal. Sai rana ta karkata take buɗewa da karatun Alƙur'ani, in lokacin salla ya yi a katse ko me ake nunawa a sa hoton masallaci. Ƙwallon ƙafa yana da ranarsa daban. Wannan shirin kuwa wasannin duniya ne aka tattaro, kowanne ɗan kaɗan, kamar tiren mai talla. Yau ka ga masu ɗaga ƙarfe, ka ga masu faɗawa ruwa daga kan dutse, wani satin tseren keke a kan tsaunuka, ko wasu ƙatti sanye da zane suna ɗaukar gungumen itace su wulla. Da an gama busar sai a nuno duniya, dunƙulalliya, tana juyawa a allon. Ta yi ta juyi, mu kuma muna ta ihun cinke, can sai ta tsaya a kan wata ƙasa. Inda ta tsaya, can za a kai mu.

Ba a nan aka shirya shi ba. Daga wata babbar tasha ta ƙasar Turawa ake sayowa, sai wani mai zazzaƙar murya a nan ya ɗora Larabcinsa a kai. In ka kasa kunne za ka jiyo muryar Baturen a ƙarƙashi, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana a ɗakin maƙwabta. Wasan da muke kallo wataƙila an yi shi watanni da suka wuce, wanda ya ci ma ya manta ya ci, amma ina ruwanmu? A wurinmu yanzu ake yi. Har gobe ina jinjina wa mutanen da suka yi wannan aikin. Sun ɗauki kyamarori masu nauyin rago sun hau duwatsu, sun shiga ruwa, sun kwana a sanyi, don dai wata yarinya a lungun Hindawiyya da ba ta taɓa wuce Makka ba ta ga yadda sauran bayin Allah suke gwada ƙarfinsu. Ba su san ni ba, amma sun yi mini alheri.

Talabijin ɗinmu a cikin akwatin katako yake, mai ƙyaure biyu, Umma kuma ta rufa masa farin ƙyalle mai huji-huji kamar amarya. Eriyarsa tana saman soro, an ɗaure ta a jikin wani bututun ƙarfe da tsatsa ta gama ci. Iskar teku kaɗan za ta kaɗa sai ta juya, hoto ya koma tsaki-tsaki. Aikin Yaya ne, wan da nake bi, ya haye ya juya ta, mu kuma mu yi layi a matakala muna miƙa masa saƙo da ihu: dama, hagu, koma baya, halas, wato ya isa! Da zafi, lokacin da gumin Jidda yake manne wa mutum riga a jiki, har hotunan tashoshin ƙetaren teku sukan shigo mana su haɗu da namu, ka ga mai tseren doki ya ratsa ta cikin fuskar wata mai waƙa. Yaran maƙwabta, 'yan Yaman da 'yan Bukhara da namu, duk a kan tabarmarmu suke tsugunawa. Ɗakin kuwa ƙamshin yaji yake yi, saboda Kaka.

Kaka mahaifin Baba ne. Tsire yake sayarwa a bakin kasuwa, wanda mutanen Jidda suke kira sire, kuma ranar Alhamis ba ya fita wurin tukubarsa sai bayan Magariba. Yana zaune da ƙwaryar yajinsa a cinya, yana murza ƙuli-ƙuli da citta da barkono da yatsunsa, idonsa a allo. Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa ko a tsufansa. Da ƙafa ya zo wannan ƙasa. Ya taso daga ƙasar Hausa yana saurayi, ya ratsa Cadi da Sudan yana noma a gonakin mutane yana gaba, har ya hau jirgin ruwa ya ƙetaro. Ya yi aikin hajji, ya zauna, ya yi aure, bai sake komawa ba. Ni yake kira amarya, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na auren tsoho mai warin hayaƙi.

Hannunsa na dama ya fi na hagu girma, kowa ya kalla zai gani. A wuyan hannun akwai wasu ƙananan tsagogi a jere da suka daɗe da warkewa. Ya ce ɗan dambe ne shi a ƙuruciyarsa, kamar yadda samarin mahauta suka saba. In an gama girbi sai su bi ƙauyuka da makaɗansu, a share fili, a naɗe wa mutum hannu ɗaya da tsumma da igiya har ya yi tauri. Wannan hannun shi ne mashi, ɗayan kuma a buɗe yake, shi ne garkuwa. Wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, ko da yake zai tashi ya kakkaɓe ya sha ruwa. Kowane ɗan dambe da takensa a kalangu, in makaɗi ya buga naka ko kana cin abinci sai ka miƙe. Duk da baki yake ba mu wannan labarin. In yara maza suka dame shi ya tashi ya gwada musu, sai ya ce ya ajiye. Ranar da ya hango gaɓar wannan ƙasa daga jirgi ya kwance layunsa da igiyar hannunsa ya jefa a teku, ya yi alkawari ba zai sake dunƙule wa ɗan Adam hannu ba.

Gaskiya ba kowa ne yake gaskata shi ba. Baba a Jidda aka haife shi, direba ne a tashar jiragen ruwa, bai taɓa taka waccan ƙasar ba, kuma ba ya son a riƙa wannan hirar a gaban baƙi. Yakan yi murmushi kawai ya ce tsoho da labari. Yaya kuwa a lokacin kansa ya gama tafiya a kan damben Turawa na safar hannu, ya lilliƙa hotunansu a bayan ƙofa. Wata Alhamis duniya ta tsaya a can gabas mai nisa, aka nuno wasu masu ƙaton tumbi da ɗan bante suna ture juna. Kaka ya yi dariya har yaji ya zube masa a riga, ya ce to in har an nuna waɗannan, ai nasu yana nan tafe. Yaya ko juyowa bai yi ba.

"Ya Kaka, halas mana. Da wasanku wasa ne, da tuni sun nuna."

Baba ya daka masa tsawa, amma don rashin kunya ya yi masa ita, ba don ya faɗi ƙarya ba, kuma Kaka ya san bambancin. Ya ajiye ƙwaryar, ya kama hannunsa na dama da na hagu yana murzawa a hankali. Ina zaune kusa da ƙafarsa, na ga yadda maganar ta shige shi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Daga ranar bai ƙara ba da labarin dambe ba. Amma bai ƙara fashin shirin nan ba, ko da zazzaɓi, ko ana biki a layinmu.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Da fari a kan kujerar bango yake zama. Daga nan ya dawo tabarma cikinmu, ya ce kujerar ce take sa masa ciwon baya. Sai ya matsa gaba da mu, har ta kai hancinsa ya kusa taɓa gilashin, yara suna leƙe ta gefen kafaɗarsa. Baba ya kai shi asibiti, aka ba shi maganin ɗigawa, likita ya faɗa wa Baba a gefe cewa irin wanda ba a yi wa aiki ne, sai dai a jinkirta shi. Ya bar zuwa tukuba, wani ɗan'uwanmu ya karɓa, amma yajin shi yake haɗawa, don hancinsa da yatsunsa ba abin da ya same su. Wata Alhamis aka yi busa, duniya ta juya ta tsaya, sai na ji hannunsa a kaina.

"Amarya, ina ta tsaya?"

Tun daga nan na zama idonsa. Kuma a nan ne na sha wuya, don Hausata a lokacin ta ji ce kawai. A gida a yi mana Hausa mu amsa da Larabci, haka duk sa'o'ina suke. Shi kuwa tsohon nan, da yake ciniki da Larabci rangaɗaɗau a kasuwa, da na sako kalmar Larabci sai ya ce bai ji ba. In maimaita da ƙarfi, ya ce kunnensa lafiya lau, bakina ne ba lafiya. Dole in nemo. Ranar da aka nuno masu zamiya a kan ƙanƙara na ce masa wani mutum ya ɗaure katako biyu a ƙafa yana gangarowa daga kan dutsen gishiri. Ya yi dariya har da tari, ya ce a kawo masa buhu ya je ya ɗebo na tsire. Mai tsalle da sanda na ce ya ɗauko gora ya soki ƙasa, ƙasa ta yi fushi ta wurga shi sama. Wannan ya ce na yi daidai, kada in gyara. Kalma bayan kalma ya riƙa ba ni, ni ina ba shi hoto. Hausar da kake karantawa yanzu a gaban wannan akwatin katakon na same ta.

Tambayoyinsa ba sa canzawa, ko wane irin wasa ne. Yaya mutumin ya tsaya? Wace ƙafa ce a gaba? Idonsa ina yake kallo? In kuma wani ya faɗi, sai ya tambaya ko da kansa ya tashi. Yakan ce masu shirin nan sun san wasa, domin ba sa ɗauke kyamara daga fuskar wanda aka kayar, kuma a nan ake gane namiji. Wani lokacin duniya takan tsaya a Afirka. In na faɗa masa sai ya gyara zama, ya miƙe wuya. Sai ya zama masu dogon gudu ne daga gabas, ko motoci suna ratsa hamada. Ya koma ya jingina, ya ce sun kusa.

Umma ce ta fara gajiya da ganin haka. Surukarsa ce, tana jin kunyarsa, ba ta zama ɗakin da yake, amma daga madafa tana jin komai. Wata rana ta ja ni gefe ta ce tun da ba gani yake yi ba, in an nuno wasu baƙaƙe suna kokawa in ce masa nasu ne, tsoho ya huta. Na ce mata ba zai yiwu ba, kiɗa zai tambaya. Duk da haka maganarta ta tsaya mini, har na tambaye shi da kaina, da bakin nan nawa da ba ya riƙe magana. Na ce Kaka, ko sun nuna yanzu ai ba za ka gani ba, me kake jira?

"Ni ai na gani tun ba a haifi ubanku ba," in ji shi. "Su nake so su gani."

A nan na gane, kuma a nan hankalina ya tashi, domin su ɗin ba sa zama. Yaya ya girma, gashin baki ya fara fito masa, Alhamis da yamma yana filin ƙwallo a bayan unguwa. Baba yakan kwanta barci bayan La'asar. An buɗe tasha ta biyu, yaran maƙwabta sun samu nasu talabijin. Sau da yawa daga ni sai Kaka a ɗakin, da ƙwaryar yaji.

Ranar da abin ya faru lokacin sanyi ne, irin sanyin Jidda da bai wuce a kashe fanka ba, amma da iska mai ƙarfi daga teku. Tun La'asar hoto yake rawa. Ɗaurin eriyar ya kwance, ko an juya ta ba ta zama, sai an riƙe. Iskar ta hana su Yaya ƙwallo, ya dawo yana ƙunƙuni, Kaka ya roƙe shi ya hau ya riƙe masa. Ya hau, ba da son ransa ba. Aka nuna masu iyo, aka nuna wasu da ke harbin kibiya a kan doki. Rana ta yi ƙasa sosai, na san saura kaɗan a katse don Magariba. Duniya ta sake juyawa, juyin ƙarshe na ranar, ta tsaya a Afirka, a gefen yamma. Ban ma buɗe baki ba. Wani sauti ya fito daga akwatin, siriri, mai tashi da sauka kamar magana, irin wanda ban taɓa ji ba. Ƙwaryar yaji ta kife a tabarma.

"Kalangu," Kaka ya ce, a hankali.

Na kurma ihu ina kiran Baba. Ya fito da zanen barci a ƙugu, yana tsammanin wani abu ne ya samu tsohon. Na ruga gindin matakala ina kiran Yaya ya sauko. Ya saki bututun, nan take hoto ya watse, kiɗan ya koma shuuu. Na ce ya koma ya riƙe! Ya riƙe, hoto ya dawo. Ka ga tashin hankali: wanda aka yi shekara da shekaru ana jira ya gani, shi ne a saman soro, in ya sauko kuma ba abin gani. Baba ya yunƙura zai hau, Kaka ya damƙe masa zane ya ce ba inda za shi. Ina tsaye ina kuka ban san abin yi ba, sai wani abu ya wuce ni fuu a matakala. Umma ce, hannunta duk ƙullu, ga mayafi a karkace. Matar da ban taɓa ganin ta hau soron nan ba sai don shanya. Muka jiyo muryarta daga sama tana ce wa Yaya ya sakar mata, yalla, maza ya sauka.

Yaya ya shigo yana haki. A allon fili ne a tsakiyar jama'a, an yi da'ira, makaɗa a gefe da ƙananan ganguna a hammata. Samari biyu ne a tsakiya, ba riga, kowanne an naɗe masa hannu ɗaya da igiya ya yi dunƙum. Mai Larabcin ya faɗi 'yan kalmomi, ya ce wani tsohon wasa ne na mutanen wannan yanki, daga nan ya yi shiru ya bar kiɗan. Allah ya saka masa da alheri a kan wannan shirun.

Na juya zan fara ba Kaka hoto kamar kullum, sai na ga ba ya tabarma. Ya miƙe tsaye. Ba ya ganin inda akwatin yake, don haka taga yake fuskanta, ya ɗan ba mu gefe. Ya ware ƙafafu, ta hagu a gaba, ya rage tsawo. Hannun hagu ya miƙa shi gaba, yatsu a buɗe, tafin yana kallon abokin karawar da babu shi. Na dama ya ja shi can baya, ƙasa-ƙasa, kusa da cinya. Bai dunƙule shi ba, alkawarinsa yana nan, amma ko a buɗe ka san abin da hannun yake nufi. Muka kalle shi, muka kalli allo. Samarin nan biyu tsayuwarsa suka yi, ba ragi ba ƙari, har yadda suke ɗan lilo a kan ƙafar baya. Shi da bai ga allon ba, su da ba su san yana duniya ba.

Ranar shi ya ba ni hoto. Yana tsaye idonsa a taga yana faɗa mana abin da muke kallo. Ya ce yanzu suna auna juna ne, kada mu ƙosa. Ya ce wannan kiɗan taken ɗaya daga cikinsu ne, ana tuna masa ubansa. Can makaɗan suka ƙara sauri, jama'a suka yi tsit, ya ce mu dubi ƙafafu, akwai wanda ƙafarsa ta gaji kuma makaɗi ya gani. Bai rufe baki ba ɗaya ya kawo hannu daga baya, ɗayan ya tafi ƙasa a kan gwiwa. Fili ya kaure, Yaya ya yi tsalle ya yi ihu da Larabci. Kaka ya tambaya ko da kansa ya tashi. Baba ne ya amsa wa mahaifinsa, ya ce da kansa ya tashi, Baba, har sun rungumi juna.

Sannan ya sauke hannuwansa, ya lalubo kaina. Na zaci zai tambayi samarin ne.

"Amarya, ƙasar wurin wace iri ce?"

Na ce ja ce, ja-ja, mai laushi, tana tashi in sun taka. Ya ce me ke bayan mutanen. Na duba, na ce akwai wasu ƙananan ɗakuna na laka, masu zagaye, da hular ciyawa a kai, amma ba su da ƙofa, kuma ban san sunansu ba.

"Rumbuna ne," ya ce. "An yi girbi ke nan. Sun samu abinci bana."

Aka shigo da wasu biyu, makaɗa suka canza take, sai allon ya ɗauke, hoton masallaci ya fito. Magariba ta yi. Ni da Yaya muka yi tsaki tare, Kaka ya ce kul, ya isa haka. Ya nemi butarsa. Tun da idonsa ya tafi Baba ne yake kai shi masallaci, amma ranar Yaya ya riga shi ɗauko takalman tsohon ya ajiye masa a gaba. Bai ba shi haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Ya dai zagaya ta dama, ya kama wannan babban hannun da hannuwansa biyu, na ga babban yatsansa yana bin tsagogin ɗaya bayan ɗaya. Suka fita a haka, Baba yana bin su a baya. Sai da suka ɓace a lungu muka tuna da Umma. Tana can sama riƙe da bututu, ba wanda ya ce mata an gama. Ta sauko hannuwanta sun sage, tsatsa ta haɗu da ƙullu, ta tambaye ni abu ɗaya, ko yaron ya gani. Ita ba ta ga komai ba, kiɗan kawai ta jiyo ta matakala.

Kaka bai ƙara jiran Alhamis ba. In an yi busa yakan saurara, in na ce ga inda ta tsaya ya ce madalla, wani lokacin ma barci ya ɗauke shi. Amma labarin dambe ya dawo gidanmu, kuma yanzu Yaya ne mai tambaya, Baba yana gefe yana yi kamar ba ya ji. Bai daɗe sosai ba bayan nan Allah ya karɓi abinsa, aka binne shi a nan Jidda. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Shirin ma bai yi nisan kwana ba. Farantan tauraron ɗan Adam suka cika saman gidaje, aka samu tashoshin da ba abin da suke nunawa dare da rana sai wasa, kowane wasa da tasharsa. Wa zai jira sati guda don a ɗanɗana masa kaɗan-kaɗan? Wata Alhamis aka sa wani abu daban a wurinsa, ba sanarwa, ba sallama. Yanzu ɗana yakan kawo mini waya ya nuna mini dambe, da fitilu da masu talla, ya ce wai ashe wasan mutanenmu ne. Kafin a kai hannu ya ture da yatsa ya wuce wani abin. Ba na faɗa, zamaninsu ne, kuma na ji daɗi da abin ya kai ko'ina. Sai dai wanda ya zaɓi abin da zai kalla ba ya haɗuwa da abin da bai nema ba. Mu an zaɓa mana, shi ya sa muka ga masu tumbi da masu gungume da dutsen gishiri, har layi ya zo kanmu.

Da na dawo daga sayen tamis ɗin nan na kira Yaya na ba shi labarin busar. Sai ya rera mini ita da baki a waya, bai ɓata ko gaɓa ɗaya ba. Shi ma ya tsufa yanzu, gemu fari fat, da jikokinsa. Duk Salla in mun taru a gidansa sai sun sa shi ya tashi ya gwada musu tsayuwar kakansa. Yakan ware ƙafafu, ya miƙa hagu, ya ja dama baya a buɗe. Kuma kullum sai ya juya musu gefe, ya fuskanci taga. A Sallar da ta wuce ƙaramar cikinsu ta ja masa riga, ta tambaye shi da Larabci me ya sa ba ya kallon su, ga su nan a gabansa. Ya amsa mata da Hausa, bai juyo ba.

"Haka na gan shi."